Akwatin Tonton Nouhou

A shagon Abbana akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, girmansa bai wuce sandar sabulun wanki biyu a haɗe ba. Wayoyi sun fito ta bayansa kamar saiwar albasa, a gabansa kuma mamurɗi guda ne baƙi, irin na tsohuwar rediyo. A hagunsa an rubuta Kano da jan farce, a dama Damagaram. Tun ina 'yar ƙarama nake jin ƙarar murɗa shi, ƙas, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba sai bana. Wanda ya haɗa shi sunansa Nouhou, mu yara Tonton muke ce masa, yadda 'yan Nijar ke kiran abokin uba. Labarinsa nake son bayarwa, ko da yake ba a iya ba da shi ba tare da Abbana a ciki ba.

Tonton Nouhou mutumin Damagaram ne. Gyaran rediyo ya taso yana yi a wata rumfa a Kasuwar Dole, tun zamanin da kowane mai shayi yake da rakoda mai cin kaset. Ya sha ba mu labarin rumfar: benci guda, kaskon gawayi da yake gasa ƙarfen liƙa dalma a ciki, da mutanen ƙauye da ke kawo rediyo a nannaɗe cikin zani kamar jariri. Ya zo Greensboro ta ƙasar Amurka ne saboda wani ɗan garinsu, Salissou, ya ce masa akwai wurin shimfiɗa a ɗakinsa. Aikinsa na farko wanke kwanuka ne a kulob ɗin masu hali da ke Irving Park. Bas ba ta shiga cikin unguwar sosai, sai ya sauka ya ƙarasa da ƙafa ta tsakanin manyan gidaje da manyan itatuwa, inda ba ka ganin kowa a waje sai mai yanke ciyawa. Ranar kwashe shara ita ce ranar wahalarsa, haka yakan ce in yana ba ni labarin.

"Fanka sabuwa dal, Ilham, a bakin titi! Rediyo, talabijin. In ka buɗe, ba abin da ya same su sai waya ɗaya da ta tsinke. Wallahi sai in ji kamar marayu aka zubar."

Haka ya riƙa kwasowa. Lokacin da matarsa, Anti Saadatou, ta iso daga gida, ta tarar da ɗakin cike da fankoki masu aiki, babu kujerar zama ko ɗaya.

A tashar bas ta tsakiyar gari suka haɗu da Abbana. Sunan Abba Ɗantala, Bakano ne ɗan cikin gari, lokacin bai daɗe da zuwa ba. Bas ɗinsa ta tafi ta bar shi, ya tsaya yana ta mita da Hausa shi kaɗai, don ya tabbata ba mai jin sa. Sai ya ji murya a bayansa.

"Wannan mitar dai ta Bakano ce."

Abba ya juya, ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan bakin kuma na Badamagare ne. Har nan kuka biyo iyayen gidanku?"

Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. A wannan tashar suka ɗauko wasan, ba su ajiye ba har yau. Suka yi shekaru suna ɗaukar kaya a sito ɗaya a titin Wendover, kafin bayan Abba ya fara ciwo, suka kama wani ɗan ɗaki a bayan kantin da ake sayar da kayan abincin gida. Abba yana yanka wa mutane tikitin jirgi, na zuwa gida da na Umara. Tonton yana tura motoci da duro-duron kaya ta jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can su wuce Nijar.

Ɗakin tebur ɗaya yake ɗauka, shi ma sai an karkace ake wucewa. Kwamfuta kuwa dole biyu, don ta Tonton Faransanci take yi, ta Abba Turanci, kuma kowa ya rantse ba zai taɓa ta ɗan'uwansa ba. Su kwamfutocin suna iya zama a ƙarƙashin tebur, amma allo na lokacin mai ƙaton ƙeya ne, biyu ba za su zauna a sama ba, balle kibod biyu da firinta. Da farko cire waya suke yi su mayar. Duk mai son aiki sai ya durƙusa ƙarƙashin tebur da babbar rigarsa, ya zare wayar allo, da ta kibod, da ta linzamin da suke kira ɓera, ya soka a tasa. Wata rana Abba ya durƙusa, bayansa ya riƙe, sai da aka kira mai kanti aka ciro shi.

Tonton ya ce, "Bon. Ba zan bar bawana ya mutu a ƙarƙashin tebur ba, asara ce gare ni."

Ya zagaya shagunan kayan gwanjo har ya samo wani tsohon akwati da ofisoshi ke amfani da shi a da, su haɗa kwamfuta biyu da firinta ɗaya. Ya buɗe cikinsa ya ƙirga ƙafafun, ya ga za su ishi allo da kibod da ɓera, har da saura. Ya yi mako yana zama bayan la'asar a teburin cin abincin Anti Saadatou, yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan tocila da batir, in ƙwan ya kama ya liƙe da dalma. Gidan ya cika da warin ƙonannen roba. Mamurɗin akwatin a karye yake, sai ya ciro na wata rediyo da ya tsinto a Irving Park ya sa. Allon kuma ya ɗora shi a kan wani faifan katako mai juyawa, don ya iya fuskantar duk wanda ke aiki. Abba na zaune a wannan gefe, shi yana wancan, akwatin a tsakiya. In aka murɗa, allon ya yi baƙi kamar ƙiftawar ido, sai ya dawo da wani yare, a tura kibod da ɓera su ƙetare tebur.

A makon farko akwatin ya kusa raba su. Abba ya sa firinta tana fitar da takardun wasu masu tafiya Umara, ya fita alwala. Tonton ya ga kujera ba kowa, ya murɗa. Firinta ta tsaya a tsakiyar aiki, abin da Abba ya yini yana shiryawa ya watse, mutane kuma suna tsaye a kanti suna jira. Ranar ba wasan Kano da Damagaram aka yi ba, faɗa aka yi na gaske, har suka daina gaisawa. Anti Saadatou ce ta kawo abinci ta tarar kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya a ɗakin da gwiwoyinsu ke gogar juna.

Ta ajiye kula ta ce wa mijinta, "Kai, ko ɗakin ƙaninka za ka shiga, don ka ga labule a ɗage sai ka faɗa ba sallama?"

Daga nan dokar ta fito. Mai son allo zai ce, "Salamu alaikum, masu allo." Sai mai riƙe da shi ya amsa, ya kuma ce "a shigo," sannan a murɗa. In ba ya nan, a kira shi a waya. In bai ɗauka ba, a jira.

Ni a cikin wannan sallamar na girma. Ran Asabar Mama takan bar ni a shagon in ta shiga kanti, kuma rabin Hausar da nake rubutawa yanzu a can na tsince ta, don a gida da Turanci nake amsawa. Tonton yana dafa shayi a ɗan rishon lantarki a kan taga, yana ɗaga buta sama har kumfa ta cika ɗan kofi.

"Salamu alaikum, masu allo."

"Wa alaikumus salam. Ba mu da saura, a zaga gaba."

"Alhaji, kamiyo na jirana, babbar mota cike da kaya."

"Kamiyo ko kaminyo, sai na gama. Ka ce ranka ya daɗe."

"Ran wa? Kakana da ya zo ƙofar garinku da dawaki, naka a cikin rumbu ya ɓuya."

"To, a shigo. Amma a cire takalmi."

Ƙas. Allon ya juya.

Kibod ɗin na Amurka ne, amma kwamfutar Tonton a tsarin Faransa take, harufan da ke fitowa ba su ne a rubuce a kan maɓallan ba. Shi ba ya duba, yatsunsa sun sani. Abba yakan ce wannan shi ne tabbacin Damagarawa ba sa karanta abin da ke gabansu. Shekaru suka wuce, kwamfutocin suka sauya, allo mai ƙeya ya tafi aka kawo siriri wanda biyunsa za su zauna a teburin har da wurin kofi. Ba wanda ya kawo zancen sayen na biyu. Duk lokacin da bakin wayoyi ya canza, Tonton ya kai akwatin gida ya sake masa hanji, ya dawo da shi. Jan farcen ne kawai yake dusashewa, Anti Saadatou tana sabunta shi duk ƙaramar Salla.

Bana na gama jami'a. Ba a daɗe da bikin ba, rigar ma tana rataye a bayan ƙofata, na kai wa Abba abincin rana. Tonton ya tafi wajen gwanjon motoci. Na tarar da Abba ya kifa a kan tebur, kumatunsa a kan kibod, harafi ɗaya yana ta cika allon. Idonsa a buɗe, yana kallona, bakinsa ya karkace. Ban san yadda na kira motar asibiti ba. Na san dai na riƙa faɗin adireshin gidanmu maimakon na shagon, har sai da mai kanti ya karɓe wayar. Har yanzu ba na iya cin dafa-duka, irin wadda na kai masa ran nan.

Allah ya yi da sauran kwana. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Ƙafar ta fara dawowa, hannun yana biye a hankali. Maganar ce matsala. Likitar da ke koya masa magana ta ce mana kalmomin suna nan, harshen ne ke buƙatar aiki, kuma watannin farko su ne masu muhimmanci, in ya bar su suka wuce a shiru, abin da zai dawo kaɗan ne. Abba kuwa ya gwada sau ɗaya a asibiti, ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya ga yadda Mama ta sunkuyar da kai. Daga ranar ya rufe baki. Mutumin da ba a taɓa ƙure shi a zance ba ya koma nuni da hannu. In 'yan dubiya suka zo daga masallaci sai ya shige ɗaki. A gaban likitar ma sai ya kafe idonsa a taga har lokaci ya cika. Tonton ya zo ya fi a ƙirga, Abba bai yarda sun haɗa ido ba.

Ni na karɓi aikin tikiti, don akwai waɗanda suka riga suka sa ranar tafiya. Ranar da na fara zuwa na daɗe a mota kafin in iya shiga. Na tarar da Tonton a gefensa, tabarau a ƙarshen hanci, yana fama da 'yar wayarsa da manyan yatsunsa, yana cike bayanan mota harafi ɗaya-ɗaya. Allon yana fuskantar kujerar Abba. Mamurɗin yana kan Kano.

"Tonton, me ya sa ba ka murɗa ba?"

"Na yi sallama a waya. Ba a amsa ba."

"Ai ka san ba ya magana."

"Na san ba ya so."

"To ni na amsa. A shigo."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke wa ya naɗa ki? Zauna ki yi aikin ubanki, allo na gidanku ne. Ni baƙo ne a ƙofa."

Na ce zan kawo masa allon da ke ɗakina, ya haɗa da tasa kai tsaye, ba ruwansa da akwati. Ya ce in bar shi a inda yake. Haka muka yi makonni, ni a gaban allo, shi a kan waya yana tsaki, yana kuskure yana sakewa. Wani mai mota ya gaji da jira ya kai aikinsa wani wuri. Anti Saadatou ta yi faɗa, ta ce dokar da ta kafa ba ta ce mutum ya kashe sana'arsa ba. Ya ce mata ita ta kafa, amma ba ita ke riƙe da allo ba.

Wata Asabar bayan azahar sai ga shi a gidanmu, da rishonsa da butar shayi a leda, akwatin kuma a hammata, ya zare shi daga komai, wayoyin suna reto. Abba yana falo, kafin ya tattara sandarsa ya miƙe Tonton ya riga ya zauna a kan hanya. Ya ɗora akwatin a kan cinyar Abba.

"Ga shi. Yanzu ba Kano ba Damagaram, shago ya mutu. 'Yarka ma ba ta da allo."

Ya jona risho, ya zuba ganye, kamar a shago. Ni da Mama muna tsaye a ƙofar kicin. Ina tsoron kada ran Abba ya ɓaci jininsa ya hau.

"Salamu alaikum, masu allo."

Abba ya kalli bango.

Tonton ya jira har shayi ya tafasa. Ya ɗaga buta, ya juye, ya mayar. "Hajiya Daso," ya ce wa Mama, ba tare da ya juyo ba, "kin san abin da ake faɗa a masallaci? Cewa ake Bakano ya ga an fi shi baki, ya fake da ciwo. Ni ina kare shi, ina cewa a'a, dama can ba shi da abin faɗa, haya yake yi."

Mama ta toshe bakinta da mayafi. Hannun Abba na hagu ya matse akwatin.

Tonton ya ajiye kofi a gabansa. Da ya sake magana, wasan ya fita daga muryarsa. "Alhaji, na ji Turancinka tun kana sabon zuwa garin nan, ban gudu ba. Ba abin da zai fito daga bakinka da ya fi wannan muni. Sallama na yi maka. Amsawa a wuyanka take, ni ba ni da ikon ɗauke maka, kuma ba inda za ni." Ya gyara zama. "Salamu alaikum, masu allo."

 Na ga maƙogwaron Abba yana motsi. Leɓensa ya yi rawa, ya buɗe, ya rufe. Abin da ya fito da farko ba kalma ba ce. Tonton bai taimake shi ba, bai kuma kau da ido ba, yana ta juya shayinsa. Sai ga ta, a ja, a karkace, rabi a haɗiye, amma duk wanda ya ji ya san amsar sallama ce.

Mama ta koma cikin kicin da sauri. Ni kuwa na zauna a ƙasa.

"Madalla," in ji Tonton, kamar ba abin da ya faru. Ya miƙa hannu wajen mamurɗin. "To, in shigo?"

Abba ya janye akwatin zuwa ƙirjinsa. Ya ɗauki lokaci yana haɗa maganar, gumi a goshinsa.

"Ba... wa. Ji... ra."

Tonton ya yi dariyar da shayi ya zube masa a riga, yana dariya yana goge ido da bayan hannu. "Kun ji ko? Wata da watanni bai yi magana ba, da ya buɗe baki da zagina ya fara! In jira har yaushe, ranka ya daɗe?"

"Sha... go."

Ran Litinin na kai Abba shago. Tonton ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya mayar da wayoyin, yana mitar gwiwarsa, Abba yana zaune yana nuna masa da sanda inda ya san ba nan ba ne. Sai da Abba ya sa na buɗe masa shafin tikiti, ya duba aikina a tsanake, ya girgiza kai a wuri biyu, sannan ya ce a shigo. Kalmar ta ɗauke shi lokaci. Tonton ya jira ta har ƙarshe, ya murɗa.

Yanzu Abba yana zuwa da safe, ni ina buga masa abin da hannunsa bai kai ba tukuna, kafin in samu aikin kaina. A gaban likita yana buɗe baki, ko da yake ya fi yi mata gardama da kai. Akwai ranakun da kalma ke maƙalewa ya buga tebur, ya yi shiru har yamma. Na lura a irin waɗannan ranakun Tonton yakan buƙaci allo fiye da kullum. Zai karɓa, ya duba abin da bai taka kara ya karya ba, ya mayar, can kuma ya sake sallama.

Ni har yanzu ba na son shiga ɗakin ni kaɗai. In na zo da abinci nakan tsaya a cikin kanti, tsakanin buhunan gari da jarkokin manja, in kasa kunne. Sai na ji ƙas daga bayan ƙofa nake shiga.